Katunan Femi da Buhun da Aka Manta a Gawu

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu, na kuma san ta iso kunnuwanku ko da ba ku taɓa fuskantata da ita ba, wai caca ce ta raba ni da shagon ɗinkin kakanku. An ce an kama ni da karta a ƙarƙashin teburin yanka, Baba ya kore ni, ya ɗauki shagon ya ba Isiyaku ɗan ƙaninsa. Waɗanda suka san yadda abin ya faru duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, don haka gara in rubuta tun idona yana gani. Ban taɓa yin caca ba. Kati dai akwai shi a cikin zancen, cike da gwangwanin biskit, amma ba na karta ba ne, na 'yan ƙwallo ne.

A lokacin garin nan Abuja ake ce masa, sunan Suleja bai zo ba tukuna. Ba a daɗe da yanke Jihar Neja ba, an kuma ce a dajin da ke bayan Dutsen Zuma za a gina sabon babban birnin ƙasa, har da sunan garinmu za a ba shi. Baƙi suka cika mu, masu awon ƙasa da injiniyoyi da 'yan kwangila, kowa yana neman ɗakin haya da mai wanki da tela. Baba tela ne da aka sani tun daga kasuwa har unguwar Bagama, ni kuma ɗansa na fari, a gefen kekensa na tashi. Idonsa ya fara rauni, ni nake zura masa zare a allura, kuma ba wanda yake shakkar cewa ni zan gaje shi. Ban daɗe da auren uwarku ba, muna zaune a sashen da ke kusa da rijiya.

Katunan kuwa Femi ne ya kawo su gidanmu. Bayarabe ne mutumin Ibadan, ɗan bautar ƙasa da aka turo koyarwa a wata makaranta ta garin, ya kama hayar ɗakin da ke jikin zaurenmu. Sa'ana ne, mai yawan dariya, Hausarsa a karkace amma ba ya jin kunyar yin ta. Ranar Asabar mukan zauna a gindin rediyonsa mu saurari wasan ƙwallon Ingila. Ni sunaye kawai na sani, ban san fuskar kowa ba, don ba talabijin a unguwarmu. Wata rana ya buɗe akwatinsa ya fito da ƙananan katuna, kowanne da fuskar ɗan wasa a gaba, a baya kuma sunansa da ƙungiyarsa da inda yake tsayawa a fili. A cikin cingam ake samun su, har lokacin suna ƙanshinsa. Mutumin da na yi shekara ina jin sunansa a rediyo, ina zaton ƙato ne, sai ga shi siriri mai sanƙo. Tun daga ranar abin ya kama ni. Da Femi ya gama shekararsa zai koma gida, ya bar mini duk waɗanda yake da biyunsu, muka yi alkawari za mu ci gaba da musaya ta gidan waya. Abin da ya samu a kantunan Ibadan ya aiko mini, abin da na samu wajen direbobin Kaduna da Jos in aika masa.

Nan wahalata ta fara. Gidan wayarmu ɗaki ɗaya ne da taga mai raga, a bayanta Malam Ndagi, wani Banufe mai sanyin magana da ya ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Wasiƙa daga kudu sai ta hau jirgin ƙasa zuwa Minna, daga can a ɗora buhun a motar wani ɗan kwangila, ita kuma motar tana zuwa ne ranar da ta ga dama. Ga shi yanzu duk wanda yake da harka da sabon birni Abuja yake rubutawa a bayan ambulan, buhuna suna ta zubowa kan Malam Ndagi shi kaɗai. Waɗansu masu rubutun kuma ba su san an canja jiha ba, sai wasiƙar ta yi yawonta har Sakkwato kafin ta juyo. Na taɓa karɓar ta Femi ta biyu kafin ta farko, yana tambayata ko na ji daɗin abin da ban gani ba. Wata ta iso katunan sun manne da juna don laima, da na raba su fuskar wani ɗan baya ta tafi da rigar wani ɗan gaba. Wata kuwa ɓera ya ci kusurwarta. Kullum bayan azahar sai na faki idon Baba na leƙa tagar nan, har ta kai tun daga nesa Malam Ndagi yake girgiza mini kai.

"Lawal, babu," yakan ce. "In ta zo, ni da kaina zan aiko maka."

"Malam, ya ce tun watan jiya ya jefa ta."

"Shi ya jefa. Ni ban karɓa ba. Tsakaninsa da ni akwai jirgi, akwai mota, akwai ruwan sama."

A gida ba wanda yake ganin abin da daraja. Inna, wadda ba ta kama sunana saboda ɗan fari ne, cewa take yi yaron nan ya girma ya koma wasan ƙasa. Uwarku dariya take yi, amma ita ce ta samo mini gwangwanin biskit ta shimfiɗa ƙyalle a ciki. Baba kuwa in ya gan ni ina jera su, sai ya ce:

"Mutanen nan da kake tarawa, akwai wanda ya san da zamanka a duniya?"

Farkon daminar wannan shekara wani Bajamushe daga cikin injiniyoyin ya kawo wandonsa da ƙaya ta yaga. Ya tarar ina duba katuna a kan teburin yanka, ya tsaya yana kallo yana dariya. Da ya dawo karɓar wandon, sai ya miƙo mini ɗan ƙunshi, ya ce na ɗansa ne, ya bar su a aljihun jakarsa. Katunan 'yan wasan Jamus ne, masu sheƙi, takardarsu mai kauri, irin waɗanda ko Femi bai taɓa gani ba. Na rubuta wa Femi na ba shi labari. Amsarsa, abin mamaki, ta zo da wuri, kuma bai jira nawa ba, ya haɗo da mafi kyawun abin da yake da shi, har da golan da na daɗe ina nema don in cika wata ƙungiya. Ya ce in aiko masa da rabin na Jamus ɗin, har ya riga ya yi wa wani babba a ofishinsu alkawarin biyu daga ciki. Na naɗe su da takardar siminti don laima, na sa a ambulan.

Ina cikin liƙe ambulan ɗin Gwaggo Tabawa ta shigo shagon. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, ni nake rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta Audu, soja ne a barikin Inugu. Mijinta Malam Bawa yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Ta zauna a kan benci ta ce:

"Rubuta masa, ka ce babansa ba ya jin daɗi. Kada ka tsorata shi, amma ka ce ya nemi hutu ya zo. Ka ce babansa ne da kansa ya ce yana son ganinsa."

Na rubuta, na karanta mata, ta ce haka ne. Na haɗa da tawa na kai, Malam Ndagi ya buga musu hatimi a gabana ya jefa su a buhu.

Daga nan sai shiru. Ruwa ya sauka sosai a shekarar, kogin Iku ya cika har ya hau gonakin bakin gaɓa. Jikin Malam Bawa ya ci gaba da tsananta. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya ce a duba ko Audu ne. Audu bai zo ba, bai kuma aiko da ko layi ɗaya ba. Malam Bawa ya rasu wata Laraba da hantsi, Baba na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Sai a lokacin aka buga wa Audu waya ta tangarahu, ya iso ana sadakar bakwai, da kakinsa da jakarsa, idanunsa jawur. Ina zaune a zauren lokacin da kawunsa ya tare shi.

"Sai yanzu? Mutumin nan ya yi ta kiran sunanka har bakinsa ya rufe."

"Wallahi Kawu ban san ba shi da lafiya ba. Ba wanda ya gaya mini."

"Ga wanda ya rubuta maka nan zaune. Lawal, ka rubuta ko ba ka rubuta ba?"

Na ce na rubuta, da hannuna na kai. Gaskiya na faɗa, amma ita ce ta ƙarasa kayar da Audu. Aka ce bariki ta cinye shi, ya samu wasiƙa ya yi biris da ita. Uwarsa ba ta yi masa faɗa ba, abin da ta yi ya fi faɗa ciwo. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska ga bango. Ranar da hutunsa ya ƙare ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya daɗe, ba ta ce masa Allah ya kiyaye hanya ba. Ya tashi ya tafi.

Ba a jima ba ta Femi ta iso. Na buɗe ta tun a bakin taga ina murna, sai na tarar ba kati ko ɗaya, takarda ce rabin shafi. Da Turanci ya rubuta, ga ma'anarta. Ya ce ya jira har ya gaji. Mutumin ofishinsu ya mai da shi maƙaryaci a gaban jama'a. Ya ce shi bai jira komai ba ya aiko mini da mafi kyawun abin da ya mallaka, saboda ya ci tuwon gidanmu, ya ɗauke ni ɗan'uwa. In na ga katunan Bature sun fi ƙarfinsa, da na faɗa masa kawai, ba sai na yi masa ƙaryar na aika ba. Ya rufe da cewa kada in wahalar da kaina da amsa.

Ban iya cin abinci ba a ranar. An taɓa zagina, amma ba a taɓa ce mini macuci ba. Na karanta wa uwarku ina fassara mata, ina ta faɗa ni kaɗai, ita kuma tana tsince shinkafa, da na gama sai ta ɗago kai.

"Malam, ba rana ɗaya ka kai su ba?"

"Su wa?"

"Taka da ta Gwaggo Tabawa. Kai an ce ba ka aika ba, shi an ce ya samu ya ƙi zuwa. To in buhu ɗaya suka shiga fa?"

Na tashi na tafi gidan waya. Malam Ndagi ya cire tabarau yana tunani. Ya ce shi dai buhun ya bar hannunsa. Amma ya tuna a kwanakin nan motar ɗan kwangilar ta lalace a wajen garin Gawu da ke hanyar Minna cikin ruwan sama, aka kwashe kayanta zuwa wata motar. Ya ce an gaya masa komai ya isa Minna, shi kuma ba shi da hanyar da zai tabbatar, don in ya rufe tagar nan ya tafi bincike, ba mai buɗe ta.

A lokacin Baba ya karɓi aiki mafi girma da ya taɓa samu, kakin leburorin wani kamfanin hanya, shagon cike da yadi har rufi. Na ce masa ina so in je Gawu. Ya tsayar da keke ya dube ni.

"Saboda hotunan nan za ka bar ni da wannan tulin?"

Na gaya masa abin da uwarku ta lura da shi. Ya daɗe yana murza zare a yatsa. Shi da Malam Bawa tare suka yi karatun allo.

"Je ka," ya ce. "Don Tabawa, ba don mutanen gwangwaninka ba."

Na hau motar doya da ta juyo wayam, muka haye Gurara ruwa yana ta ruri a ƙarƙashin gada, na sauka a Gawu. Na tambayi 'yan tasha, suka tura ni wurin mai shayi, mai shayi ya tuna da motar, ya nuna mini gidan wani dattijon Gbagyi mai sayar da doya a bakin hanya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, dattijon ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya kai ni ɗakin da yake ajiyar doya. Ga buhun nan a kusurwa, ya ɗora shi a kan itace don kada ƙasa ta ci shi, ya rufa masa tabarma, bakinsa ɗaure da dalmar hukuma ba a taɓa ba. Ya ce ranar da motar ta mutu, a ɗakinsa aka fake da kaya. Da wata motar ta zo aka kwashe cikin gaggawa, aka bar wannan a bayan doya. Ya ce duk direban da ya tsaya sai ya roƙe shi ya tafi da shi, kowa ya ce ba ruwansa da kayan gwamnati, kada a ce shi ya sata.

"Ni ban iya karatu ba," in ji shi. "Amma na san maganar mutane ce a ciki. Kullum ina jin nauyinta."

Washegari na dawo da buhun a kan cinyata. Malam Ndagi ya kira shaidu biyu ya yanke dalmar a gabansu. Wasiƙun sun yi laima, suna warin doya, muka baje su a kan tebur. Akwai takardun neman aiki na samarin garin, akwai na masu neman makaranta waɗanda lokacinsu ya riga ya wuce, akwai ta wata amarya zuwa ga iyayenta. Ga tawa, takardar simintin ta ɗan yi aikinta. Ga ta Audu da rubutuna a bayanta, ko buɗe ta ba a yi ba.

Na je na zo da Gwaggo Tabawa, tana cikin takaba, Inna ta rako ta. Malam Ndagi ya ɗaga ambulan ɗin ta cikin raga. Ta ce in karanta mata sunan da ke jiki, na karanta. Ta ce in sake, na sake. Sai ta zauna a kan dakalin gidan wayar, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi kururuwa ba. Can ta ce:

"Yaron nan ya durƙusa a ƙofata, na hana shi addu'a."

Inna ta ce ai ba ta sani ba ne, Allah ya ga zuciyarta. Ta share fuska ta ce in samo takarda yanzu-yanzu in rubuta masa. Na tsuguna a wurin na rubuta abin da ta faɗa, wanda ba zan maimaita shi a nan ba, don tsakaninta da ɗanta ne. Da na liƙe zan miƙa ta taga, sai ta riƙe mini hannu.

"Wa zai kai, Lawal? In aka sake mantawa da ita a ɗakin doya fa?"

Malam Ndagi ne ya ce, kamar da kansa yake magana, an daɗe da ba shi izinin ɗaukar mutum ɗaya da zai riƙa raka buhu zuwa Minna ya rako na dawowa, ya sa hannu a can ya sa hannu a nan. Ya ce ba wanda yake so. Duk saurayin da ya iya karatu ya tafi wajen 'yan kwangilar sabon birni, inda ake biya da tsoka. Na ce wannan buhun dai ni zan raka shi. Na raka shi har Minna, na tsaya sai da na ga an ɗora shi a jirgi. A hanyar dawowa, a bayan mota ina riƙe da buhun garinmu, na san abin da nake so in yi, na kuma san abin da zai jawo.

Bayan la'asar na faɗa a tsakar gida, kowa yana nan. Inna ce ta fara magana, ba ni take kallo ba, Baba take kallo.

"Ka ji abin da yaron nan yake faɗa? Ya bar sana'ar gidansu ya koma dakon buhu?"

Baba ya ce, "Lawal, ka san ba na ganin ramin allura."

"Na sani, Baba."

"Ka san aikin da ke shigowa garin nan yanzu, ban taɓa ganin irinsa ba tun da na fara taka keke. Wanda ya riƙe shagon nan shekara goma masu zuwa, ya huta."

"Na sani."

"To mene ne a cikin buhun da ya fi wannan?"

Na ce masa ɗinki akwai masu yi, ga Isiyaku ma hannunsa ya fi nawa. Amma buhun nan ya yi wata da watanni a ɗakin doya, motoci suna wucewa ta gabansa kullum, ba a samu mutum ɗaya da zai ɗauka ba. Na ce na ɗanɗana yadda ake ji a ce maka maƙaryaci a kan abin da ka aika, nawa kuwa kati ne kawai. Ya ce wannan aikin hukuma ne, ba nawa ba. Na ce hukumar ce take neman mutum. Ya juya wajen uwarku, abin da bai saba yi ba, ya ce ita me ta gani, tunda ita za ta zauna da ƙaramin albashi. Ta sunkuyar da kai ta ce:

"Baba, ko ya zauna a shagon, hankalinsa yana bakin tagar nan. Gara ya je inda hankalinsa yake."

Baba ya tashi ya koma shago. Bai yi mini baki ba, bai kuma sa mini albarka a ranar ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara ƙannensa da liman a zaure, ya ce shago da kekuna biyu da teburin yanka ya ba Isiyaku, halak malak, kada wani ya tayar da maganar bayan ransa. Ina zaune a wurin, aka tambaye ni ko ina da ja, na ce babu. Daga nan maganar karta ta samo asali. Mutane sun ga an tsallake ɗan fari, suna neman dalili, wani kuma ya taɓa ganina da gwangwani ina jera katuna. Isiyaku bai ƙwace komai ba, ba shi aka yi. Ya riƙe shagon da amana, ya ɗinka wa rabin ma'aikatan sabon birni kaya, ya gina gidajen hayan da kuke gani a hanyar Iku, ya kuma ciyar da Baba da Inna daga ciki har suka koma ga Allah. Ni na yi ritaya da abin da kuka sani. In kun ga bambanci tsakanin gidanmu da nasu, daga nan ya fito, kuma ni na zaɓa. Kada in ji wani a cikinku ya riƙe 'ya'yansa da wannan.

Audu ya samu wasiƙun biyu a rana ɗaya. Ya zo da ƙaramar salla, uwarsa ta fito har ƙofar gida ta tarye shi. Femi ma katunansa sun isa, da tabon laima a gefe, tare da bayanin da na rubuta masa. Ya aiko da ban haƙuri shafi huɗu, ita ma sai da ta yi nata jinkirin a hanya. Mun ci gaba da musaya na ɗan lokaci, amma abin bai koma kamar da ba, kuma aiki ya cinye ni. Kada ku ɗauka shigata ta gyara gidan waya. Wasiƙa ta ci gaba da makara, jirgi yana makara, gada tana karyewa, mutane suna zagina ta taga kamar yadda na riƙa damun Malam Ndagi. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, tsakanin garin nan da Minna, a shekarun da na yi ina bin hanyar, ba a sake barin buhu a baya ba.

Saura abu ɗaya. Da aka tabbatar da ɗaukata, aka ba ni yadin kaki aka ce in kai a ɗinka. Tun ranar zauren nan Baba bai yi mini wata doguwar magana ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. Na yi niyyar in kai wa wani tela a Bagama don kada in tayar da ƙura. Ina fitowa da yadin a hammata, sai na ji muryarsa daga zaure.

"Ina za ka da wannan?"

Na faɗa masa.

"Kawo nan. Ɗana ba zai shiga gari da ɗinkin wani ba. Tsaya sosai, ɗaga hannu."

Ya gwada ni da tef ɗinsa, yana kai shi dab da ido kafin ya karanta. Ya hana Isiyaku taɓawa, ya hana ni zura masa zare, sai Inna ce ta riƙa zura masa. Ya yi kwanaki a kan rigar da a da yakan gama kafin azahar. Da na sa ta, hannun dama ya fi na hagu tsawo, aljihun ƙirji ya karkace, maɓalli ɗaya bai yi daidai da raminsa ba. Ya shafa kafaɗata da tafinsa ya ce ta zauna. Na ce ta zauna, Baba. Inna ta ja ni gefe ta ce in kai wa Isiyaku a ɓoye ya gyara, na ce a bar ta haka. Ita ce riga ta ƙarshe da ya ɗinka.

Da safe na isa gidan waya a cikinta. Malam Ndagi ya sauke tabarau kan hanci, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wane tela ne ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Babana ne."

Ya miƙo hannu ya daidaita mini kwalar, sa'an nan ya turo buhun da ƙafa.

"To ɗauka," ya ce. "Mota ba ta jira."